Baƙin da ke Cikin Tulu

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya ɗaga sama ya shimfiɗa ƙasa, ya sa zaƙi a rake, ya sa ɗaci a maɗaci, ya kuma ɓoye a bayan ƙwayar inabi abin da ya kai ni bangon duniya ya dawo da ni. Ku matso, ku gyara zama. Ni ne Anaruwa, jikan Iya Gwamma, mutumin Birnin Rumbuje da ke gindin Duwatsu Masu Hayaƙi. Na sha rana, na sha ruwa, na yi rawa gaban birai, na tsaya gaban shari'a a garin da ba ni da kowa, duk saboda itace guda ɗaya.

Itacen inabi ne, na kakata. Tun tana amarya ta zo da reshensa daga garinsu a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, ta dasa shi a tsakar gida. Daga baya kogi ya cinye garin nasu, bai bar ko katanga ba, sai ya zama itacen nan shi ne danginta. Da safe takan gaishe shi kafin ta gaishe mu. Ya yi girma har ya rufe gidanmu da inuwa, kuma duk Rumbuje babu irinsa.

Da haƙoran Iya suka ƙare, sai ta koma matse 'ya'yan tana shan ruwan. Wata shekara itacen ya yi 'ya'ya fiye da kima, ta matse ta cika randa, ta tura ta bayan ƙofa ta manta da ita. Ana nan, ran nan da tsakar rana Tunau sankira ya biyo ta ƙofar gidanmu za shi kasuwa ya yi shelar gyaran ganuwa. Ƙishi ya kama shi, ya yi sallama ya nemi ruwa. Iya kuwa ba ta iya ba baƙo ruwa tsura, sai ta ɗebo masa daga randar nan. Ya sha, ya lashe baki, ya miƙo moɗa a ƙara masa. Aka yi ta ƙarawa.

Abin da Tunau ya yi a kasuwa, har yau in an tuna sai an riƙe ciki. Bai ambaci ganuwa ba ko sau ɗaya. Ya hau kan turmi ya yi wa jakin mai gishiri kirari tun daga kakanninsa, ya sanar da ɗaurin auren bajimin Sarkin Pawa, ya ce kowa ya zo da goronsa, sa'an nan ya kwanta cikin tallan daddawa ya hau minshari.

Kashegari aka kira mu gaban Alƙali Na'iya. Ba mugun mutum ba ne, amma in ya yanke magana ya yanke.

Iya ta durƙusa ta ce, "Allah ya gafarta Malam, itacen nan bai taɓa cutar kowa ba."

Ya ce, "Ya cuci Tunau, Iya. Ruwa ya shiga randa yana halal, ya fito yana haram, ba wanda ya taɓa shi. Mutane na cewa iska ce a jikin itacen. Ni ban sani ba. Na ba ku zuwa nunar 'ya'yan baɗi. A kawo mini ruwansa a tulu, in ajiye a ɗakina wata guda. In na buɗe na tarar bai juya ba, itace ya zauna. In ya juya, sai gatari."

A hanyarmu ta komawa gida na ga abin da ban taɓa gani ba, Iya tana share hawaye da bakin mayafi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na yi ƙoƙarin jan ta da wasa kamar yadda muka saba, na ce, "Haba amaryata, kuka a titi? Sai a ce ban iya riƙon mata ba."

Ta harare ni ta ce, "Miji ne kai? Za a sare mini uwa da uba kana tsaye kana washe baki."

Wannan magana ce ta fitar da ni daga Rumbuje. Wani tsohon bafatake ya gaya mini cewa can gabas, bayan Kurmin Tangaɗi, akwai Birnin Sulwana, inda mutane ba su da wani karatu sai na inabi da yadda ruwansa ke zama giya. Na ce a raina, wanda ya san yadda abu ke faruwa ba zai rasa sanin yadda ake hana shi ba. Na ɗaure 'yan kayana na bi ayari, ina koyon harshen mutanen gabas a bakin masu jakuna. A bakin kurmin ayari ya karkata kudu, ya bar ni ni kaɗai.

Ban yi nisa a ciki ba na gane dalilin sunansa. Itatuwan wurin suna zubar da wasu 'ya'ya masu kama da kanya a cikin ramukan duwatsu, rana ta dafa su, su yi ta kumfa suna tsami. Tsuntsaye na sha su tashi su yi karo da reshe. Na ga kunkuru kwance rigingine yana waƙa. Ina cikin kallonsa sai ga gwaggon birai sun kewaye ni, kowanne ya fi ni tsawo, suna magana da harshen mutane, sai dai harshen ya yi nauyi.

Babbansu ya dafa kafaɗata don kada ya faɗi, ya ce, "Dokar kurmin nan, duk wanda ya shigo sai ya sha har ya yi tangaɗi. Wanda ya ƙi, ɗan leƙen asiri ne, kuma mukan rataye shi ta ƙafa."

Na waiga ina neman mafita, sai idona ya faɗa kan wata maɓuɓɓuga a ƙarƙashin dutse, inda rana ba ta kaiwa. 'Ya'yan itacen sun zuba a cikinta su ma, amma suna nan lafiyayyu, babu kumfa ko kaɗan. Na rusuna na ce, "Ranka ya daɗe, a garinmu talaka ba ya shan abin sha ido da ido da sarki. Ka yarda in juya baya in ɗebo da hannuna."

Abin ya yi masa daɗi, don da alama ba a taɓa ce masa ranka ya daɗe ba. Na juya, na tsoma ƙoƙona cikin ruwan sanyin nan, na murje 'ya'yan na sha. Zaƙi ne zalla. Daga nan na shiga aiki. Na yi tangaɗi hagu, na yi dama, na rungumi kututture na kira shi kawu, na faɗi na tashi. Birai suka yi ta tafi suna kururuwa, babbansu yana cewa bai taɓa ganin baƙon da ya bugu da ladabi irina ba. Ba wanda ya lura cewa duk tangaɗin da na yi, gabas nake yin sa. Da na ga hasken fili sai maye ya sake ni, na zuba da gudu. Ina gudu ina tambayar kaina, me ya sa ɗan itace ɗaya zai yi hauka a rana ya yi hankali a sanyi?

Tun kafin in hango Sulwana na ji ta. Wani sauti ne ke tashi daga birnin, ɓul-ɓul-ɓul, ba dare ba rana, ashe manyan randuna ne dubbai suke tsima. Itacen inabi ya rufe birnin gaba ɗaya, titi bayan titi, nonon inabi na reto a kan masu wucewa. Makarantar tana tsakiya. Na ga ɗalibai durƙushe suna ɗanɗana ƙasa da harshe don su san irin inabin da za ta ba da. Na ga waɗansu sun manna kunne a jikin randa suna saurare, malaminsu na tsaye yana tambayarsu kwananta nawa. Akwai wani dattijo da aka ce in ya sansana ƙoƙo sau ɗaya zai gaya maka gangaren da aka tsinko inabin, da ko an yi ruwa a makon tsinka. Gaskiya karatu ne na sosai, ban raina shi ba.

Aka kai ni gaban shugabar makarantar, Malama Mirzana, doguwar mace mai furfura da idon da ba ya ƙiftawa da wuri. Ta sa aka miƙo mini ƙoƙon shiga, wanda kowane sabon ɗalibi ke kurɓa ya faɗi abin da harshensa ya ji.

Na ce, "Malama, a yi mini afuwa. Addinina ya hana ni."

Ta ce, "Ba haɗiyewa ake yi ba, kurɓa ake a tofar."

"Ko a harshe ba zan ɗora ba."

"To me ya kawo ka makarantar giya?"

Na ce, "Na zo in koyi yadda ake hana ruwan inabi zama giya."

Wani malami ya saki ƙoƙon hannunsa. Wani ya tambayi na kusa da shi ko dai harshensu ne ban iya ba. Malama Mirzana ta daɗe tana kallona, sa'an nan ta ce, "Mutum ya ratso Kurmin Tangaɗi don ya koyi faɗuwa jarrabawa. Ku kai shi wurin Barzumi."

Malam Barzumi shi ne mai kula da Sashen Asara, wani ɗaki a can ƙarshen makaranta inda ake kai duk randar da ta lalace don a gano dalili. Gajere ne mai tumbi, gemunsa duk ɗigon ruwan inabi. Tunda aka ba shi sashen ba a taɓa samun ɗalibin da ya zo da ƙafarsa ba. Da na faɗa masa buƙatata sai ya rungume ni har na ji ƙashina ya yi ƙara.

Ya ce, "Ɗana, kowa so yake ya ji labarin randar da ta yi kyau. Zo ka ga waɗanda suka ƙi!"

Ya tsinko ƙwayar inabi ya nuna mini farar ƙurar nan da ke bayanta, wadda nake gogewa da riga tun ina yaro. Ya ɗiga ruwa mai tsima a kan faranti, ya ɗora wani madubin ƙarau da ke mai da ƙwayar gero ta yi girman kabewa, ya ce in leƙa. Na leƙa, na yi baya da salati. Wasu halittu ne ƙanana, kewayayyu, cunkus, wani na tohowa daga jikin wani.

Ya ce, "Waɗannan su ne Baƙi. Haka muke kiransu a Sulwana. A bayan inabi suke sauka, wasu iska ke kawo su, wasu a ƙafar ƙananan ƙudaje. In an matse ruwa sai su shiga su cinye zaƙin, su yi gyatsa, ita ce kumfar da kake gani. Abin da suka bari a baya shi ne ke juya kan mutum."

Na ce, "Ashe mutanen garinmu ba su yi ƙarya ba, akwai masu shiga randa. Girmansu kawai aka ƙara."

Na zauna wurinsa ina wanke randuna ina koyo. Na ba shi labarin maɓuɓɓugar birai, ya ce sanyi barci yake sa Baƙi, ba ya korarsu, da zafi ya dawo za su farka da yunwa. Wannan bai yi mini amfani ba, don a Rumbuje ko randar ƙasa sai ta yi gumi. Ya nuna mini randar da aka bari a buɗe, wasu baƙin dabam suka shiga suka mai da giyar ruwan kal, tsami zalla. Sa'an nan wata rana ya kai ni wurin wani tulu da ke kusurwa, ya yi ƙasa da murya ya ce wannan shi ne abin kunyar sashen. Wani ɗalibi ne ya manta shi a gefen murhu har ruwan ya tafasa, tun daga nan ya yi shiru na ɗan lokaci, bai ce ɓul ba.

Na ce, "Malam, na ɗan lokaci? Daga baya fa?"

"Daga baya ya tashi. Ai ba a rufe shi ba."

Na sami sabon tulu na ƙona cikinsa da ruwan zafi, na tafasa ruwan inabi na zuba tun yana tururi, na toshe bakin, na liƙe da kakin zuma, na shafe da yumɓu. Na tura shi ƙarƙashin gadona. Kullum da safe sai in manna kunne kamar sauran ɗalibai, sai dai su kuka suke nema, ni shiru. Wata ya fito ya mutu, wani ya fito, tulu bai yi motsi ba. Ranar da na fasa kakin gaban Malam Barzumi, na kurɓa, sai na ji tsakar gidanmu a bakina. Shi ma ya kurɓa, ya zaro ido.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne murnarsa. Kafin in tare shi ya sungumi tulun ya ruga zauren malamai yana ihu, "Ku zo ku ga asarar da aka yi da gangan! Ɗalibina ne ya yi ta!"

Ashe a Sulwana lalacewar randa kaddara ce, amma kashe Baƙi da gangan laifi ne babba, daidai da kashe baƙon da ya kwana a gidanka. Hukuncinsa, mutum ya yi ta taka inabi a matsewar gari, inda ake matse inabin birnin, har gemunsa ya yi fari. Ni kuwa a lokacin gemun ma bai gama fitowa ba, ga shi damina ta kusa ƙarewa, inabin Iya na can yana ƙosawa. Malam Barzumi ya gane abin da ya jawo mini, ya tsaya a gefe yana cizon yatsa.

Aka girke tulun a tsakiyar zaure, bakinsa a buɗe, shi ne shaida. Malama Mirzana ta ce, "Anaruwa na Rumbuje, ana tuhumarka da kisan Baƙi. Me za ka ce?"

Na dubi tulun. Wasu 'yan ƙudaje ƙanana sun riga sun fara zagaya bakinsa. Na ce, "Malama, ni baƙo ne, ban iya doguwar magana ba. A ajiye tulun nan yadda yake a tagar matsewar gari, a ba shi 'yan kwanaki. In ba a ji Baƙi a cikinsa ba, a yi mini abin da doka ta ce."

Aka yi haka, aka sa dogari gadinsa. Ban ci abincin kirki ba a kwanakin nan. Ran nan da hantsi sai ga dogarin a guje, yana cewa tulu ya yi magana. Muka ɗunguma, muka tarar kumfa har ta zubo ta gefe, ɓul-ɓul-ɓul. Jama'a suka ɗauki sowa, wai Baƙi na nan da ransu.

Malama Mirzana ta yafito ni gefe ta ce, "Ka san na san waɗannan ba su ne na farko ba."

Na sunkuyar da kai na ce, "Na sani, Malama."

"Doka cewa ta yi, gidan da aka ji Baƙi na waƙa babu jini a kansa. Ba ta ce waɗanne Baƙi ba. Wa kake yi wa wannan wahala?"

Na gaya mata labarin Iya da garinsu da kogi ya cinye. Da na gama ta ce, "Ka liƙe shi tun yana da zafi, kada ka jira ya huce. In an buɗe kuma a shanye a ranar. Tafi, kafin malamaina su yi tunani."

Malam Barzumi ya raka ni har ƙofar gari yana kuka yana dariya, ya nuna mini hanyar kudu da ke kauce wa birai. Na yi ta tafiya ba hutu har takalmana suka rabu da ni. Na iso Rumbuje inabi ya nuna har ya fara zuba. Iya ta rame. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ka tafi neman ilimi ka dawo ba takalmi. To me ka zo da shi?"

Na ce, "Hura wuta, amarya."

Muka matse, muka tafasa, muka liƙe, na kai wa Alƙali tulu tun yana ƙona hannu. Ya buga hatiminsa a kan yumɓun ya kulle a ɗaki.

Ranar buɗewa duk gari ya taru a ƙofar gidanmu, don Alƙali ya ce a gindin itacen za a yanke hukunci. Mai gatari na tsaye a gefe, ya wasa abinsa yana ƙyalli. Aka fasa hatimi, aka ɓamɓare kaki. Babu kumfa, babu ƙara. Aka tsiyaya a ƙoƙo, amma aka rasa mai sha, kowa ya ja da baya yana kallon ɗan'uwansa. Iya ta miƙa hannu ta ce, "Ku ba ni. In iska ce, ta san ni."

Ta kafa kai ta shanye. Ta lumshe ido. Can sai muka ji ta ɗauko wata waƙa da harshen garinsu, wadda ni kaina ban taɓa jin ta ba, hawaye na bin kumatunta. Ta yar da sandarta, ta ɗaga hannu, tsohuwar da sai an kama ta take tashi ta shiga taka rawa a tsakar gida.

Wani ya yi ihu daga baya, "Ta bugu! Wallahi ta bugu!"

Wuri ya hargitse. Mai gatari ya tofa yawu a tafinsa ya matso gindin itacen. Na sha gabansa na rungume kututturen, ina rantsuwa ba mai saurarona. Iya ta tsaya cak tana haki, ta juya wajen Alƙali ta ce, "Malam, ba ka taɓa ganin tsohuwa ta ji daɗi ba? Ruwan gidan ubana na sha."

Alƙali Na'iya ya ɗaga hannu, aka yi shiru. Ya karɓi ƙoƙon, ya tsiyaya da kansa, ya sansana, ya daɗe yana dubawa. Ya yi bisimilla ya kurɓa. Muka zuba masa ido. Ya sake kurɓa, ya shanye, ya goge gemu. Fuskarsa ba ta nuna kome ba.

Ya dubi mai gatari ya ce, "Kai, mai da abin nan gida." Sa'an nan ya miƙo mini ƙoƙon ya ce, "Shari'ar nan tana buƙatar ƙarin bincike. Ƙaro."

Iya ta rayu har ta ga 'ya'yan jikokinta suna rarrafe a inuwar itacen, kuma ranar da ta cika a ƙarƙashinsa take kwance, kamar yadda ta roƙa. Itacen na nan har gobe. Iyakar abin da idona ya gani ke nan, abin da na ƙara Allah ya yafe mini, abin da na rage ku tambayi tulu.